Azumin da Na Kai Kanada

Tun da na dawo ban huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na leƙa tashar Laranto gaida tsofaffin abokan aiki a tare ni, har wanda rabonsa da gaishe ni tun ina tuƙa babbar motar kaya, roka, yanzu ya gane ƙofar gidana a unguwar Ali Kazaure. Tambayar ɗaya ce: Iro, yaya Kanada, da nisa? Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin Sale Tela, kullum da sabon gishirin da yake zuba masa. To ga shi daga bakin mai shi. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, duk wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Sai na fara da abin da nake taƙama da shi, in ba haka ba ba za ku gane inda ke mini zafi ba. Ba ni da gidan bene, ban je Makka ba, ba a taɓa kira na ɗaurin auren manya ba. Abu ɗaya gare ni: tun da na balaga ban taɓa shan azumi ba. Shekara da shekaru ina lodin dankali daga Bokkos zuwa Legas, in ratsa zafin Lakwaja gaban mota kamar tanda, abokan aiki su fake da cewa matafiya ne su ɓuya bayan taya su ɗaga jarka, ni bakina a rufe. Har suna aka sa mini a tasha, Iro Ba-Ramuwa. Na san Allah ya yi wa matafiyi sauƙi, malamai sun faɗa mini ba sau ɗaya ba. Amma mutum in ba shi da komai sai abu guda, da haƙori yake riƙe shi.

'Yata ta fari, Hajara, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari da ake kira Kalgari, can yammacin Kanada, ita da mijinta Nasiru. Uwarta ta je jego har sau biyu, wannan karon ta ce sai ni. Takardu suka fito, tafiyar ta faɗo tsakiyar watan azumi.

Nasiru ya bugo waya muna zaune a shagon Sale, inda muke majalisa bayan la'asar. Na buɗe muryar wayar kowa ya ji, don ba kullum ake kiran mutum daga Kanada ba. Nasiru yaro ne mai kunya, ba ya doguwar magana da suruki. Ya ce, "Baba, za ku tashi daga Abuja da dare, ku wayi gari a Jamus. Daga Jamus ku tashi ƙarfe ɗaya da rabi na rana, ku sauka wurinmu uku da rabi."

Sale ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, ya ƙirga da yatsu, ya ce, "Awa biyu ke nan. Iro, ashe Kanada bayan Jamus take kaɗan. Ai ko Bauci a tsohuwar rokarka ta fi haka nisa."

Sai Hajara ta karɓe wayar. "Baba, don Allah ranar kada ka ɗauki azumi, tafiyar nan..."

Shago gaba ɗaya aka fashe da dariya. Sale ya ce, "Ji 'yar albarka, ta san tsohonta ya gaji. Iro, ka bi maganar likita. Mu ma mu ga ranar da za ka shigo layin masu ramuwa."

Na kashe wayar. Daga ranar duk sanda Hajara ta ɗauko zancen sai in ce layi ba kyau, ba na ji. Na yarda wannan laifina ne. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, wane irin mutum ne zai faɗa maka lokacin tashi da agogon wani gari, lokacin sauka da agogon wani garin daban, bai ce maka agogon biyu ba su ga maciji da juna ba? A tasha in ka yi wa fasinja haka sai an fasa maka gilashi.

Na bar Jos da hantsi a ƙaramar motar haya, da azumina a baki. Direban yaro ne, gashin baki bai gama fito masa ba. Muna gangara Hawan Kibo na ji yana taka burki kamar mai kashe kunama. Na ce, "Samari, sa mata giya ta riƙe kanta." Ya ci gaba da taka burkinsa. Na sake faɗa. Na uku ya waiwayo ya ce, "Baba, ko za ka karɓa ne?" Na ce da zan karɓa da matar da ke bayana ba ta kira sunan Yesu sau goma ba. Matar ta ce gaskiya ne. Daga nan har Akwanga bai ƙara kula ni ba.

Amma ita hanyar ƙasa gaskiya gare ta. Ka wuce Riyom ka san ka ci wani abu. Ka ga masu ayaba a Akwanga ka san ka raba tafiya. Ka shiga Kefi bayanka da kansa zai faɗa maka Abuja ta kusa. Garuruwa su zo su wuce, kana gani, ba mai yi maka ƙarya. Na sha ruwa a filin jirgin Abuja daidai lokacin da rana ta faɗi, kamar yadda ta saba tun ina yaro.

A layin auna kaya na ji wata dattijuwa a gabana tana faɗa a waya: "Ka gaya ma Pam ya rufe kaji, jiya ya bar ƙofa, kare ya cinye biyu!" Na ce wannan Hausar daga kan dutse ta gangaro. Na gaishe ta, ashe 'yar Bukuru ce, Mama Kaneng, tsohuwar malamar firamare, ɗanta ma a Kalgari yake, wannan zuwanta na huɗu. Da ta ji ban taɓa hawa jirgi ba ta ce, "Malam Iro, ka bi bayana kawai, ba za ka ɓace ba." Ni da na san kowane rami tsakanin Jos da Legas, ga ni ina bin bayan malamar firamare riƙe da fasfo da hannu biyu kamar sabon ɗan aji ɗaya.

Jirgin farko ba ni da ƙara a kansa. Ya ce da dare zai tashi, da dare ya tashi. Na ajiye burodin da suka ba mu da ɗan ruwa, da na ga alamar asuba ta gabato na yi sahur da su, na yi niyya. Burodi ne kamar ƙwallon yara, ruwan kuma bai cika kofin shayi ba. Na ce ba komai, wanda ya yi azumi a Lakwaja.

A Jamus, garin da suke kira Farankfot, filin jirgin ya fi unguwar Nasarawa Gwom girma, kuma ba ɗan acaba ko ɗaya. Muna fitowa wani bature ya turo keken guragu, Mama Kaneng ta haye ta gyara zama. Ta ce, "Ka ce a kawo maka naka, kyauta ne, ƙofan jirginmu yana da nisa." Na ce ni da ƙafata lafiya lau ba mai tura ni kamar buhun masara. Ta ce to. Aka tura ta, tana ɗago mini hannu kamar matar gwamna. Ni kuwa na taka. Na taka, na hau matakala mai tafiya da kanta, ta nemi ta kwashe mini ƙafa, na sauka, na sake takawa, na shiga wani ɗan jirgin ƙasa da ba direba, ya mayar da ni inda na fito. Sanda na iso ƙofar, rigata ta jiƙe, maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, ita kuwa har ta yi barci ta farka.

Na shiga banɗakinsu yin alwala. Ba buta. Famfo ba makunni, sai ka miƙa masa hannu kamar mai roƙo sannan ya ga dama ya zubo, ka janye ya ɗauke. Na ɗaga ƙafa zan sa a kwanon wanke hannu, wani mai shara ya tsaya yana kallo na kamar na zo yanka akuya a wurin. Na ce kalle ni da kyau, a garinmu ko gidan mai ka tsaya akwai buta uku.

Da na dawo Mama Kaneng ta miƙo mini biskit. Na ce azumi nake. Ta sauke gilashinta ta dube ni. "Yau? Kai, Malam Iro, ka yi ƙoƙari." Na ɗauka yabo ne, har na ce ai mun saba.

Muka shiga jirgi na biyu. Ta roƙi wani saurayi ya canza mata kujera ta dawo kusa da ni, ta bar mini gefen taga. Jirgi ya tashi ɗaya da rabi, ba ƙarya. Aka kawo abinci, na ce a wuce. Ita ta karɓi nata ta karɓi nawa, ta zuba burodin da man shanun da wani ɗan kek a jakarta, ta ce na buɗa-bakina ne. Nata ma ta juya mini baya ta ci, don kada in gani. Wannan halin mutanenmu ne na Jos, duk abin da ya faru tsakaninmu ba a rasa irinsu.

Da na ga awa biyu ta kusa cika, na mayar da takalmina, na gyara hula, na naɗe bargon da suka ba ni, na ɗora jakata a cinya.

Mama Kaneng ta ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Ai mun kusa. Uku da rabi za mu sauka."

Ta dafa ƙirji. "Wayyo Allah. Wa ya yi maka wannan lissafi?"

"Sale Tela."

"Ya taɓa zuwa Kanada?"

"Ko Kaduna sai da rakiya."

Ta danna 'yar talabijin da ke bayan kujerar gabana. Sai ga taswira, ga ɗan jirgi kamar ƙuda a kan faranti. Ta nuna inda muka taso, yatsa ɗaya bayan ƙudan. Ta ja yatsarta ta ƙetare teku, ta ƙetare wani farin wuri, ta yi ta ja har ta kusa fita daga gilashin, ta ce, "Nan ne Kalgari. Uku da rabi na agogon su ne. Suna bayan Jamus da awa takwas. Tafiyan awa goma ne, mun ci biyu."

Na ce, "To ai rana za ta faɗi a hanya, in sha ruwa a sama."

Ta ce, "Malam Iro, rana yana zuwa yamma, mu ma muna zuwa yamma. Muna bin shi ne."

Jama'a, na yi tuƙi da mahaukatan direbobi. Na ga wanda ya yi tsere da jirgin ƙasa. Amma ban taɓa ganin wanda ya ɗebi Musulmi a watan azumi ya sa rana a gaba yana bin ta da gudu ba. Na danna ƙararrawa. Wata ma'aikaciya ta zo tana murmushi. Na ce Mama Kaneng ta faɗa mata ina son ganin direba. Ta ce ba a ganin shi, ƙofarsa a kulle take. Na ce dole ya kulle, ya san abin da ya aikata. Na ce to a tambaye shi ko akwai inda zai ɗan faka, ko na awa uku ne, rana ta yi gaba abinta, in sha ruwa, mu ci gaba. Mama Kaneng ta ƙi fassarawa. Ta ce wa yarinyar wai ina yaba tuƙin ne. Na gane, don yarinyar ta yi godiya ta kawo mini lemo mai sanyi, raɓa na gangarowa a jikin kofin. Na rufe ido har aka ɗauke.

Daga nan sai zama. Ba gari, ba shingen 'yan sanda, ba mai tallan gyaɗa, ba ramin da zai girgiza ka ka san kana tafiya. Injin yana gurnani da murya ɗaya. In na dubi ƙudan nan a talabijin, yana nan inda na bar shi. In na ɗaga murfin taga, rana tana nan a kafe kamar an buga ta da ƙusa. Na yi azahar da la'asar a zaune, ban ma san ko wane gari zan bi ba.

Agogon hannuna na Jos ne, ban taɓa shi ba. Na ga ya nuna shida da rabi, ya wuce. Na san yanzu ladanin unguwarmu ya gyara murya. Na san uwar yara ta sauke kunun gyaɗa, ƙosai na tsanewa a kwando. Na san Sale ya cika baki da kankana. Har ƙamshin na ji, wallahi.

Mama Kaneng ta leƙa agogon ta ce, "A Jos an sha ruwa. Kai mutumin Jos ne. Ka sha, Allah ya san ba laifin ka ba ne."

Na ce, "Madam, ba agogo ake bi ba, rana ake bi. Inda kake, in ta faɗi, ka sha."

"To ai ba zai faɗi ba."

"Za ta gaji."

"Malam Iro, ɗan'uwana yana da taurin kai irin naka. Mun binne shi bara."

Na ce Allah ya ba da haƙuri, na juya wa taga. A ƙasa ba komai sai ƙanƙara, fari fat iyakar gani. Ruwa ne fa duk wannan, ruwan sanyi, ƙasa guda, ni ina sama harshena kamar tsohon takalmi.

Muka sauka uku da rabi, kamar yadda Nasiru ya faɗa. Agogona ya ce goma da rabi na dare. Wannan karon da aka turo keken guragu ban yi gardama ba. Na hau, aka jera ni da Mama Kaneng, dariyar da take dannewa tana girgiza kekenta.

A wurin masu duba fasfo wata mata ta tambaye ni me na zo yi. Na ce a faɗa mata na zo shan ruwa. Mama Kaneng ta ce na zo ganin 'yata. Sai wurin kwastan. Suka sako wani ɗan kare mai dogon kunne, sanye da riga, wai ma'aikaci ne. Ya wuce kowa ya zo ya zauna gaban jakata. Na ɗage ƙafafu sama don alwalata. Aka buɗe, aka ciro kilishin da na yo wa surukina tsaraba, wanda na sa aka yi mini na musamman, aka jefa a wani kwandon shara a kan idona. Nama ba ya shiga ƙasarsu. Daddawa kuwa jami'in ya buɗe ya shinshina, ya ja da baya, ya rufe da sauri ya ce in tafi da abina. Dabino ma suka bar mini. A shingen hanyar Lakwaja aƙalla in an karɓe maka abu ka san ci za a yi.

Mama Kaneng ta damƙa mini ledar burodin jirgi kafin ɗanta ya tafi da ita. Ta ce wa Hajara, "Ki kula da baban ki, tun Jamus yana faɗa da rana."

Hajara ta rungume ni, ta ja baya ta dubi leɓena. "Baba. Ka ɗauka."

Na ce, "Ƙarfe nawa ake shan ruwa a garin nan?"

Ta dubi Nasiru. Nasiru ya dubi takalminsa. Ya ce, "Tara da rabi, Baba. Lokacin zafi ne, rana tana daɗewa."

A mota Hajara ta yi ta magiya, ta kawo aya, ta kawo hadisi, ta kawo aikin asibiti, ta ce ƙodata. Na ce na riƙe shi tun daga saman teku, ba zan sake shi a kan kwalta ba.

Gidansu mai kyau ne, ba katanga, ba maƙwabci ko ɗaya a waje, unguwa shiru kamar an yi rasuwa. Sai aka ce ga ɗakina, aka nufi matakala, amma ƙasa. Ƙarƙashin ƙasa fa. Wai can ne ɗakin baƙi, ya fi sanyi, ya fi shiru. Ubana ya yi haƙar kuza har ƙirjinsa ya lalace, ya rantse ba ɗansa da zai ƙara shiga rami, ga shi jikarsa ta sa ni a ciki da katifa mai laushi. Akwai wata 'yar taga can sama kusa da rufi, Hajara ta ja mata labule mai kauri, ta ajiye gorar ruwa a gefen gado ta ce ko da zan canza shawara, ta ce in kwanta za su tashe ni in lokaci ya yi. Ta kashe fitila.

Ban san sanda barci ya ɗauke ni ba. Na farka cikin duhu, baƙi ƙirin, ko tafin hannuna ba na gani. Shiru ko'ina. Na ce Alhamdu lillahi, ta faɗi, har dare ya yi, yaran nan kunya ta hana su tashe ni. Na lalubo gorar nan, na yi bismilla, na kafa kai, ban sauke ba sai da ta yi ƙara. Na ci dabino. Na lalubo ledar Mama Kaneng na cinye burodin da kek ɗin har da man shanun, da yatsa. Jijiyoyina suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Na ce Iro, ka yi abin da ba direban da ya taɓa yi. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin a shagon Sale.

Na hau matakala ina gyaran murya, da niyyar yi musu faɗan rashin tashe ni. Na tura ƙofa.

Rana ce a falon. Ja, ta yi ƙasa, amma rana ce, ta shigo ta taga ta kwanta a kan tebur, a kan kunu da ƙosan da Hajara ta jera. Nasiru na zaune da busasshen leɓe yana kallon agogon bango. Suka juyo suka dube ni. Ga gora a hannuna, ga ɓurɓushin kek a gemuna.

Nasiru ya ce a hankali, "Saura minti ashirin, Baba."

Na zauna a kan matakalar. Hajara ta zo ta durƙusa, ta share mini gemu da gefen mayafinta, ta ce, "Baba, ba wanda ya sani sai mu uku."

Kafin in amsa waya ta yi ƙara. Sale ne. A Jos har sun tashi sahur ɗin gobe, ina jin cokali na buga kwano. Ya ce, "Ba-Ramuwa! An sauka lafiya? Yaya awa biyun?"

Hajara ta girgiza mini kai. Na dube ta, na dubi ranar. Na ce, "Sale, na sha. Saura minti ashirin na sha. Kuma kai ka ja, da lissafinka na mai awon wando."

Sai na ji ya ƙware, yana tari yana kiran matarsa ta zo ta ji.

Sauran zaman ba laifi. Na ƙarasa azumina a can, dogaye ne amma aƙalla a ƙasa nake. Abincin mutanen garin ba gishiri ba yaji, sai Hajara ta shiga kicin ake sanin an yi girki. Mutanensu suna yi maka murmushi a hanya amma ba mai tambayar iyali. Na sa aka dawo da katifata falo, na ce ramin a ba wani. Limamin masallacinsu, wani Basudane, na kai masa ƙara ta bakin Nasiru, na ce azumin da ya wuce kwana guda cur, a ce minti ashirin ta rushe shi? Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ba kaffara, kuskure ne, amma ramuwa dole.

Sai dabara ta zo mini. Na ce tunda zuwa yamma yana ja wa rana tsawo, komawa gabas zai gajarta ta. Bayan salla, ranar komawa, zan ɗauki ramuwar, jirgi ya tashi da yamma, mu yi karo da dare nan da nan, in karɓi canjina daga hannun wanda ya cuce ni. Na yi sahur a ɓoye, amma na bar kofi a kan tebur. Hajara ta gani. Ba ta yi magiya ba wannan karon. Ta ɗauke fasfona ta sa a aljihun rigar aikinta, ta ce wanda ya ɗaura niyyar azumi a ranar tafiyarsa ba ta san hukuncinsa ba, amma ta san fasfo ba zai fito ba sai ta ga na karya. Aka kira Basudanen nan a waya, ya ce tunda rana ba ta fito ba tukuna, alfijir ma da saura, in janye niyyata. Haka aka yi, da safe na sha shayi a gabanta ina harararta. Haihuwa ke nan.

A jirgi na zauna gefen taga don in ga faɗuwar ranar, in ƙirga abin da 'yata ta sa na yi asara. Ta yi ƙasa. Ta yi ja. Ta sauko har ta taɓa bakin duniya, na ce yauwa. Ta tsaya nan tana gangarawa a gefe kamar mai neman wurin faka. Na zuba mata ido, ban ƙifta ba. Sai na ga ta fara hawa. Wallahi ba ta faɗi ba. Wani da ke kusa da ni ya nuna mini a taswira wai mun bi ta can saman duniya ne, inda a wannan lokacin na shekara ba ta faɗuwa sam. Na ja murfin tagar na rufe, na danna ƙararrawa, na ce a kawo abinci, kaza da kifin duka.

Ramuwar a Jos na yi ta, ranar wata Alhamis. Sale ya shelanta, majalisa ta taso gaba ɗaya ta dawo ƙofar gidana da buta da kofuna, suna shan shayi a gabana suna yi mini sannu. Na shiga ciki wajen magariba ina huci, ina faɗin ba a taɓa wulaƙanta mutum irin yau ba.

Uwar yara tana tace kunu, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, shekara nawa na yi ina ramuwa a gidan nan? Na haihuwa, na shayarwa, na wata-wata. Ni kaɗai, da goyo a baya, ina dafa maka abincin rana, kana ci kana cewa gishiri bai ji ba. Ban taɓa jin ka ce mini sannu ba. Kai kwana ɗaya ka yi, ka tara mini unguwa a ƙofar gida."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai ladan ya kira salla. Ta miƙo mini kofin. Na karɓa da hannu biyu, na ce, "Sannu."

Ta ce, "Sha dai, kafin ya huce."